Alat ɗin ƙarfin wuta ya shigo: abin da za ka duba kafin ka hau babur

Ƙannenmu da ke shigowa aikin kula da na'urorin intanet suna da ɗabi'a biyu idan manhajar sa ido ta turo alat a kan ƙarfin wuta. Wani ya zabura ya tayar da babur ya nufi tasha ba tare da ya san me zai je dubawa ba. Wani kuma, da alat ɗin ya dame shi sau uku, sai ya shiga ya faɗaɗa iyakar, waya ta yi shiru, ya koma barcinsa. Na biyun ya fi ba ni tsoro, domin na farko man babur kawai ya ɓata.

Alat ɗin lamba ce da ta tsallake wata iyaka. Aikinka na farko, kana zaune inda kake, shi ne ka gane wace wuta ake magana a kai, domin a tasha guda akwai wuta iri-iri kuma kowace da gaggawarta. Akwai wutar gari ko ta janareta da ke shiga UPS (na'urar da ke ci gaba da ba da wuta daga batir idan an ɗauke), wadda ya kamata ta zauna kusa da 230V. Akwai wutar batir, 12V ko 24V ko 48V. Akwai ƙananan layukan cikin na'ura, 12V da 5V da 3.3V da waɗanda ba su kai 2V ba. Akwai 3.3V na SFP, wato ɗan abin nan da ake sokawa a suwic don haɗa faiba. Akwai wutar da ke bin kebul zuwa rediyon da ke saman ƙarfen sabis. Har da ɗan batirin agogo mai 3V na cikin saba, CR2032, wanda idan shi ne ya yi ƙasa babu abin tashin hankali: ka rubuta, ka canza shi ran da za a kashe sabar. Saboda haka karanta sunan sensa ɗin har ƙarshe, kada idonka ya tsaya a kan jan launi.

Tambaya ta biyu: na'ura ɗaya ce ke kuka ko duk tashar? Idan rauta da suwic da rediyo duk sun nuna faɗuwa a lokaci guda, kada ka zargi ko ɗayansu, laifin yana wurin abin da ke ciyar da su. Idan kuwa ɗaya ce tak alhali maƙwabtanta da ke shan wuta ɗaya suna lafiya, to ita ce, ko adaftarta, ko kebul ɗinta, ko sensa ɗinta.

Daga nan buɗe giraf. Kada ka tsaya a na awa ɗaya. Duba na yini, na mako, sannan na wata. Ni surar layin nake karantawa kafin lambar. Layin da ya gangara a hankali, batir ne yake ƙarewa. Wanda ya faɗi tashi ɗaya ya tsaya a sabon wuri, wani abu ne ya canza: an sauya adafta, akwatin wuta ɗaya ya mutu, ko an sabunta manhajar na'urar ta fara ba da lambar da wani sikeli. Wanda ke hawa da sauka kullum a lokaci ɗaya, yana bin rana ne ko magariba. Wanda kuma ya faɗi zuwa sifili sau ɗaya ya dawo daidai inda yake, alhali na'urar ba ta mutu ba, kusan ko da yaushe karatu ne ya kuskure, domin na'urar da wutar da take sha ta koma sifili ba za ta ci gaba da amsa SNMP ba, wato hanyar da manhajar ke tambayarta lambobi. Banda wutar shiga UPS ko ɗaya daga akwatunan wuta biyu, waɗannan za su iya nuna sifili na gaske.

Ka tuna kuma manhajoji irin su LibreNMS, idan ba a taɓa saitinsu ba, duk minti 5 suke leƙa na'ura. Wutar da ta ƙyafta na daƙiƙa biyu ba za ta fito a giraf ba. Inda za ka kama ta shi ne a lissafin tsawon lokacin da na'urar ta yi a kunne: idan ya koma farko da ƙarfe biyun dare kuma babu wanda ya taɓa ta, galibi wuta ce ta yanke mata.

Kafin ka yarda da manhajar, shiga na'urar ka tambaye ta da kanta. A na'urorin MikroTik, rubuta umarnin /system health print. A Cisco, show environment all, ga faiba kuma show interfaces transceiver detail, ga PoE, wato wutar da ke bin kebul ɗin intanet, show power inline. A Juniper, show chassis environment. A saba mai IPMI, wato tsarin da ke sa ido kan lafiyar sabar daga cikinta, ipmitool sensor, sannan ipmitool sel list don ganin abin da ya faru a baya da lokacinsa. Idan na'urar ta ce 24.1 manhajar ta ce 241 ko 2.41, matsalar sikeli ce. Na'urori da yawa ba sa aika ɗigo ta SNMP, sai su aika 241 su bar wa manhaja ta raba da 10. Ƙa'idar UPS-MIB ta RFC 1628 ma haka take ba da wutar batir, a kashi ɗaya cikin goma na V. Wannan gyaran ofis ne, babu inda za ka je.

Akwai wani tarkon da ya kamata ka sani. Idan na'ura ba ta faɗi iyakokinta ba, LibreNMS tana ƙiyasta su ne daga lambar da ta tarar ranar da aka fara ɗora na'urar, wajen kashi 15 cikin 100 sama da ƙasa. To ka ga idan an ɗora rediyo da tsakar rana lokacin da sola ke kan ganiyar caji, ko an ɗora UPS a daren da wutar gari ke 185V, iyakar da aka haifa a ranar ba ta da alaƙa da abin da na'urar ke iya ɗauka. Irin wannan iyakar gyara ta ya halatta, amma daga takardar bayanin na'urar za ka ɗauko sabuwar lambar, ba daga yawan damun da alat ɗin ya yi maka ba. A tashoshin da ake rubuta wutarsu -48V kuma ka lura da alamar ragewa: a lissafi -54 ta fi -48 ƙanƙanta, don haka idan na'urar na ba da lambar da alamarta, cikakken caji zai iya fitowa a matsayin wuta ta yi ƙasa.

Bari mu zauna a kan batir, domin nan ne alat yake da ƙima ta gaske. Shi kaɗai ne yake ba ka labari tun tasha ba ta mutu ba.

Jerin 48V na batirin dalma ɗakuna 24 ne masu wajen 2V kowanne, yawanci batir huɗu masu 12V a jere. Idan akwai wuta kuma rektifaya, wato na'urar da ke juya wutar gari ta ciyar da kaya ta caja batir, na aiki, za ka gan shi a kwance tsakanin 53.5 da 54V. Wani lokaci ya hau wajen 56.4V idan ana cajin cikawa, wannan ba laifi ba ne muddin ya sauko. Da an ɗauke wuta zai faɗo da sauri zuwa wajen 50, sannan ya kama gangara a hankali. Wannan faɗuwar ta farko ita ce alat mafi amfani a duk tsarinka, don ma'anarta ba a caji. Ni a 51V nake ajiye gargaɗin farko, a 47V kuma nake ajiye wanda ke tayar da mutum daga barci. Yawancin rektifaya na yanke lodi da kansu a wajen 43V don kare batir, kuma ƙa'idar hukumar sadarwa ta Turai, ETSI, ta na'urorin -48V ta tsaya a 40.5 ta ƙasa, 57 ta sama. Wanda ya ajiye alat ɗinsa a 44V, sanarwar rasuwa kawai ya shirya wa kansa. Jerin 24V rabin waɗannan lambobin ne, na 12V kuma kwata.

Da ka ga gangara ta fara, abin da za ka lissafa shi ne lokaci. Kada ka dogara da rubutun jikin batir. Batirin 100Ah da lodin 10A ba awa 10 ba ne, ko da sabo ne rabi ake so a ci, balle wanda ya sha zafin Afrilu biyu a cikin akwatin ƙarfe. Giraf ɗin ɗauke wutar da ta gabata ya fi gaskiya: daga 50 zuwa 47 awa nawa ya ɗauka wancan karon? Ka rage wani abu a kai, domin wutsiyar gangarar ta fi farkonta sauri. Sannan ka kira mai gadi. Tambayoyin uku ne: akwai wuta a unguwa? Janareta ya tashi? An juya canjin wuta? Sau da yawa za ka ji ya ce, “Oga, inji na aiki tun ɗazu,” kuma gaskiya ya faɗa, injin na ruri amma bireka ta faɗi ko ba a juya hannun canjin ba. Giraf ne zai raba gardama. Idan wuta ta isa rektifaya, layin zai juya sama cikin mintuna. Idan bai juya ba, ba ta isa ba, komai ƙarar da kake ji ta waya.

Idan lokacin da ya rage bai kai na tafiya ba, rage lodi daga inda kake. Kashe PoE na rediyoyin da ba su da muhimmanci, ka bar babban layin da ke ɗauke da sauran tashoshi. Gara unguwa ɗaya ta rasa sabis na awa biyu da a ce tashoshi biyar da ke bayan wannan su bi ta.

Batirin litiyam, LiFePO4, halinsa daban. Ɗakuna 15 ke ba da 48V, 16 kuma 51.2V, kuma wutarsa kusan a miƙe take tun daga cike har ya kusa ƙarewa, sai ta rufta lokaci guda. A irinsa ƙarfin wuta ba zai gaya maka saura nawa ba. Nemi kason cajin da BMS, wato na'urar da ke kula da batirin daga cikinsa, ke bayarwa ka ɗora alat a kansa.

A tashar sola, lamba ɗaya nake bi: mafi ƙasan da batir ya kai da asuba kafin rana ta fito. Idan tana raguwa kaɗan-kaɗan kowane mako, duba tsakar rana. In har da rana ma ba ya kaiwa cikakken caji, farantan ne, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce ta farko da za ka zarga, tsumma da ruwa ke maganinta. In kuwa da rana yana cika da wuri amma da dare yana zubewa da wuri, batirin ne ya tsufa. Batirin da ya mutu ya fi mai lafiya saurin nuna ya cika, wannan yana ruɗin mutane da yawa. Zafi ne ke cin su: batirin dalma an gina lissafin rayuwarsa a kan 25°C, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba rayuwar biyu. Ka auna da kanka abin da akwatin ƙarfe a rana ke kaiwa a watan da inuwa ma ta wuce 40.

Akwai kuma surar da ba na son gani: layi a miƙe a 54, aka ɗauke wuta, tasha ta mutu nan take babu gangara ko kaɗan. Ma'anarta batirin ba ya cikin layi. Ko fiyus ya ƙone, ko birekar batir a kashe, ko kan batir ya kwance, ko kuma an zo da dare an kwashe su. Ƙarfin wutar da kake gani duk kwanakin nan na rektifaya ne, ba na batir ba. Shi ya sa nake so duk wata a kashe wutar shiga da gangan, da rana, mutum na tsaye a wurin, a ga ko batir zai ɗauka.

Wutar gari kuwa, ƙa'ida ta ce 230V da sassaucin kashi 10, wato 207 zuwa 253. Wanda ya ajiye iyakarsa a nan a yawancin unguwanninmu ba zai yi barci ba, musamman daga magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa. Ita suwic ɗin ba ta damu sosai ba, akwatin wutarta an rubuta masa 100 zuwa 240V. Wanda ke wahala shi ne UPS: idan wuta ta sauka ƙasa da abin da yake karɓa sai ya koma batir, ga fitila a kunne a ɗaki, kowa na ganin akwai wuta, batir kuwa na ƙarewa. Don haka alat ɗin wutar shiga ta yi ƙasa, haɗa shi da tambayar ko UPS na kan batir. Idan ba ya kai, rubuta ka sa ido. Idan yana kai, tayar da janareta ka sauka daga wutar gari, kuma a yi maganar sitabilaiza ko sauya fes, wato komawa wani daga layukan wuta uku da ke fitowa daga taransifoma.

Hawan wuta shi ne ba a jira da shi. Idan ka ga 260 tana ƙaruwa, a yanke wutar shiga tukuna, a yi bincike daga baya. A wurin da ke da fes uku, idan ɗaya ya hau ɗaya ya sauka a lokaci guda, wayar nutural, wadda fes ukun suka yi tarayya a kanta, ita ce ta kwance ko ta tsinke, a taransifoma ko a allon rarraba wuta na gidan. Tsakanin fes biyu akwai wajen 400V, kuma idan nutural ta tafi, na'urar da ke jiran 230 za ta iya samun abin da ya doshi hakan. Wannan aikin mai gyaran wuta ne, ba naka ba. Naka shi ne ka raba kayanka da layin.

A kan janareta, karanta lamba biyu tare. Idan ƙarfin wuta na rawa kuma 50Hz ma na rawa, injin ne ke tangaɗi: mai, matatar mai, ko lodi ya yi masa yawa. Idan 50Hz na zaune daram amma ƙarfin wuta na yawo, AVR ne, wato abin da ke daidaita ƙarfin wutar janareta, ko ɓangaren da ke haifar da wutar. Faɗa wa makanike wannan ta waya, zai san abin da zai riƙo.

Layukan cikin na'ura ba su da dogon labari. Sassaucinsu kaɗan ne, yawanci kashi 5: 12V tsakanin 11.4 da 12.6, 5V tsakanin 4.75 da 5.25, 3.3V tsakanin 3.135 da 3.465. Su bai kamata su motsa da wutar gari ba. Idan ɗaya na zamewa wata bayan wata, akwatin wutar ne ke tsufa, ka nemi wani tun kafin ya tsaya. Na'ura mai akwatin wuta biyu idan ɗaya ya nuna sifili, fara da abin da ya fi sauƙi: wayar ta zare, soket ya mutu, ko birekar wannan ɓangaren ta faɗi. Kuma kada ka zare mai lafiyar don gwaji sai ka tabbatar ɗayan na ɗauke da lodi. Ƙananan layukan kusa da 1V na kwakwalwar na'ura, wasu da gangan suke hawa da sauka gwargwadon aiki, bar su da iyakar da maƙerin ya saka.

SFP na faɗin wutarsa da zafinsa da ƙarfin haskensa bisa ƙa'idar SFF-8472, kuma iyakokinsa a cikinsa aka rubuta su tun daga masana'anta. Idan duk SFP na suwic ɗaya sun nuna 3.1, suwic ɗin ce. Idan ɗaya ne, sauya masa rami. Lambar ta bi shi, shi ne. Ta tsaya a ramin, ramin ne. Masu arha wasu iyakokinsu shirme ne, har da sifili, idan haske lafiya kuma babu kurakurai a layin, ba sai ka yanke wa mutane sabis da rana saboda shi ba.

Rediyon saman ƙarfe mai 24V yana da nasa ciwon, wato kebul. Wuta a doguwar waya kamar famfon gidan ƙarshen layi ne, abin da ya isa bai kai abin da aka sako ba. Kebul ɗin Cat5e na jan ƙarfe zalla mai tsawon mita 100 yana da turjiyar da ta kai wajen 9 ohm zuwa da dawowa a kan wayoyin da ke ɗaukar wutar, don haka rediyon da ke jan rabin amfiya zai rasa kusan 4.5V a hanya, 24 ta zama 19 da ɗoriya. Kebul ɗin CCA da ya cika kasuwa, wanda alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, asararsa ta fi haka da wajen rabi. Kankare waya ɗaya da wuƙa, idan cikinta fari ne ka san abin da aka sayar maka. Alamarsa a giraf ita ce wuta na faɗuwa daidai lokacin da mutane suka cika layi, rediyo ya mutu ya tashi. Da damina kuma ruwa na shiga kan kebul ɗin, wato RJ45, ya yi tsatsa kore, sake matse kai kawai yakan dawo da 1V ko 2V. Maganin dindindin shi ne kebul na gaske ko komawa 48V idan rediyon na karɓa, domin PoE na ƙa'idar 802.3af na fita da 44 zuwa 57V kuma na'urar da ke ƙarshe an gina ta ta yi aiki har ƙasa zuwa 37. Amma duba jikin rediyon da kyau, mai 24V zalla idan ya sha 48 ya tafi ke nan.

Idan tafiyar ta zama dole, riƙe mita mai kyau, fiyus, adafta, kawunan RJ45 da abin matse su. Cire zobe da agogo kafin ka kusanci batir, kuma sifana mai rufin roba za ka yi aiki da ita. 48V ba ta cika jan mutum ba, amma jerin batir zai narkar da sifanar da ta haɗa kai biyu. Ka tuna a tsarin -48V ɓangaren tarawa ne ke haɗe da ƙasa, idan ka jona masa na'urar da jikinta ke haɗe da ɓangaren ragewa kai tsaye, ka haɗa kai biyu ke nan, wuta za ta yi shot.

Auna a wurare uku: bakin rektifaya ko adafta, kan batir, da bakin na'urar da ta yi kuka, duk lodi na kai. Inda lambar ta faɗi tsakanin biyu, nan ciwon yake, kuma yawanci kai ne da ya kwance, za ka ji shi da ɗumi. Bambancin rabin V tsakanin mitarka da abin da rauta ke faɗa ba abin damuwa ba ne. Batir kuma auna su ɗaya-ɗaya bayan an kashe caji, lodi na ja. Uku na 12.2 ɗaya na 10.3, wannan ɗaki ɗaya ya mutu a cikinsa, shi ke jan sauran. Na san maigida zai ce a canza shi kaɗai. Idan sauran sun tsufa, sabon ba zai daɗe a cikinsu ba, ka faɗa masa haka a rubuce.

Bayan gyara, koma kan dokar alat ɗin. Wutar gari ta yi ƙasa a ba ta jinkirin karatu biyu ko uku kafin ta buga waya, kuma lambar da za ta sa alat ya janye ta ɗara wadda ta tayar da shi da 'yan V, in ba haka ba wutar da ke rawa a bakin iyaka za ta turo saƙo hamsin a dare ɗaya. Hawan wuta da batirin da ya kai 47 kada a saka musu jinkiri ko na minti ɗaya. Kada kuma ka rufe tikitin a ranar. Bar shi a buɗe har a sake ɗauke wuta sau ɗaya, ko asuba ɗaya ta wuce a tashar sola, ka ɗora sabon giraf a kan tsohon, ka rubuta lambobin ukun da ka auna da mita da kwanan wata a ciki.